Tipa nawa ta ƙasa tsakar gida take ci, kuma nawa za a ware mata?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Maradi. Allah ya nufa na gama ɗan ginina a unguwar Ali Ɗan Sofo, har mun tare. Tsakar gidan mita 12 ce a kan mita 10, babu komai a cikinta sai rairayi da ɓaraguzan da magina suka bari. Ina son in gyara ta: itatuwa kamar huɗu, ƴan furanni a jikin katanga, wurin da uwargida za ta sa zogale da yakuwa, da inda za a riƙa shimfiɗa tabarma da dare. Na tambayi masu tipa, ɗaya ya ce jika 35, wani ya ce jika 60, mai amalanke kuma ya ce shi ma zai iya. Wani abokina ya ce sai na rufe tsakar gidan gaba ɗaya da baƙar ƙasa. Tipa nawa zan saya, wace irin ƙasa, kuma nawa ya kamata in ware? Albashi ne, ba na son ɓarna."

Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya sanya alheri, ya sa an shiga a sa'a.

In na fahimce ka, abu uku kake nema: yawan ƙasar da wurin zai ci, wace iri ce ta dace, da dalilin da ya sa mutum biyu suka ba ka kuɗi biyu masu nisa da juna a kan abin da kake gani kamar iri ɗaya ne. Zan fara ba ka amsar a dunƙule. Tsakar gidanka ba ta buƙatar a rufe ta da baƙar ƙasa. Abin da za ka saya domin shuka kaɗan ne, bai kai cikin ƙaramar tipa ba, kuma rabinsa taki ne. Sauran wurin kowane da irin ƙasarsa. Shawarar abokinka ita ce hanya mafi tsada, kuma ba ita ce itatuwan suka fi so ba.

Ƙasar da gidanka yake kai

Maradi ta yanzu a kan tudu take. Tsohon garin yana cikin kwarin gulbi ne, sai da ambaliyar 1945 ta ci shi aka hauro da mutane sama. Saboda haka yawancin unguwanninmu, balle sababbi irin su Ali Ɗan Sofo da Zariya, a kan jigawa aka yanka su, gonakin hatsi da gyaɗa ne na jiya. Ƙasar jigawa kusan duk rairayi ce, sama da kashi 90 cikin 100, ruɓaɓɓen ganye da taki a cikinta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Kamar rariya take: ka zuba ruwa, kafin ka juya ya wuce. Amma tana da nata alheri da mutane ba su yaba mata. Saiwa tana ratsa ta ba wahala, ruwa ba ya kwanciya ya ruɓar da gindin itace, haƙa ba ta cin lebura. Abu biyu ta rasa, abin riƙe ruwa da abincin shuka.

Can ƙasa kuma, a fadamar Gulbin Maradi, daga wajen Madarunfa da Jiratawa har a wuce Tibiri, akwai ƙasa mai duhu mai laka wadda gulbi ya daɗe yana kwantarwa. Ita ce ake kawo muku da sunan baƙar ƙasa. Tana riƙe ruwa, tana da ƙarfi, shi ya sa lambunan zogale da tumatir suke can. Sai dai ita kaɗai, in aka shimfiɗa ta a tsakar gida, da damina taɓo ce mai kama takalmi, da rani kuma ta bushe ta tsattsage, ta yi ɓawon da ruwa ke gudu a kansa bai shiga ba. Na sha shiga gidajen da aka yi haka, mai gida yana kukan ya kashe kuɗi amma furanninsa na ƙonewa. In ka tona za ka ga saiwar ta tsaya a cikin ƴar lakar nan ta sama, ba ta sauka ba.

To ka ga kai rairayin shuka ba ka sayensa, kana da shi kyauta a ƙarƙashin ƙafarka. Abin da ka rasa shi za ka sayo ka gauraya.

Abin da kake biya in ka sayi tipa

Ƙasar kanta ita ce mafi araha a cikin kuɗin. Abin da kake biya shi ne tafiyarta. Akwai gazuwal, akwai masu lodi da shebur ko kuɗin injin da ya loda, akwai harajin ɗiba da ake biyan hukuma, domin wuraren ɗibar rairayi da tsakuwa a ƙarƙashin dokar ma'adinai suke, akwai abin da mai fili ke karɓa in a gonar wani ne, sannan direba da yaron mota da mai motar da ke lissafin taya da gyara. In ta hannun dillali ka bi, ka ƙara la'adarsa.

Dubi gazuwal kaɗai. A watan Agusta na 2022 lita ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, a watan Yuli na 2024 aka sauko da ita 618. Babbar tipa da kaya tana shan lita 30 zuwa 40 a kilomita 100. In wurin ɗiba yana da nisan kilomita 15, zuwa da dawowa 30 ke nan, wajen lita 10, sama da jika 6 sun tafi tun ba a biya kowa ba. In nisan ya ninka, wannan kason ya ninka. Wannan ne ya sa kayan da ake samu kusa da gari, irin rairayin ƙorama, ya fi sauƙi, tsakuwa kuwa da ake zuwa nesa a tono a tankaɗe ta fi kowa tsada. Shi ne kuma ya sa mutum biyu a unguwa biyu ba za su sami kuɗi ɗaya ba ko da direba ɗaya ne.

Lokaci ma yana da hannu. Daga Yuli zuwa Satumba hanyoyin shiga fadama da ramukan ɗiba suna lalacewa, wasu ramukan su cika da ruwa, direba ya san zai iya kwana a kafe, sai ya sa wannan a cikin kuɗi. Bayan kaka kuma, in kuɗin amfanin gona ya shigo hannu, gine-gine su tashi, motoci su yi wuya. Shekarar da ruwa ya yi ɓarna, kamar daminar 2024 da ta rushe gidaje masu yawa a Maradi, kowa yana neman abin ciko da na gyara lokaci guda. Saboda haka kuɗin tipa ba abu ne da ake rubutawa a ajiye ba. Waɗannan biyun da aka faɗa maka su ne kasuwar makonka, da su za mu yi lissafi.

Jika 35 da jika 60, wanne ya fi araha?

Ba a gane wannan sai an auna motar. "Tipa ɗaya" ba ma'auni ba ne. Ka ɗauki mitar magina ka auna tsawon bodin daga ciki, da faɗinsa, da zurfinsa, ka ninka su uku. Abin da ya fito shi ne kubik nawa take ɗauka, wato mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi. Mu ɗauka ta jika 35 mai taya shida ce, bodinta mita 3.5 a kan 2.2, zurfi santimita 80. Kubik 6 ke nan da ɗan ɗori, kowane kubik ya kama maka wajen sefa 5,800. Mu ɗauka ta jika 60 mai taya goma ce, mita 4.5 a kan 2.3, zurfi mita 1.2. Wannan kubik 12 ne, kowane ɗaya sefa 5,000. Mai tsadar a baki ita ce mai arahar. Amma in aka zo maka da ita ba a cika ba, kubik 9 a ciki, kubik ɗinka ya koma kusan 6,700, ka ga lissafi ya juye.

Don haka kada a juye sai ka hau ka leƙa. Dabarar da aka fi yi ita ce a tara kayan a tsakiya ya yi tozo, daga ƙasa ka hango kamar mota ta cika har ta yi toliya, alhali kusurwoyin huɗu fayau suke. Ka sa yaron mota ya baje da shebur ka ga inda ya tsaya. Wani abin kuma ba ha'inci ba ne, halin rairayi ne: in yana da ɗan danshi yakan kumbura, ya ƙara kashi 20 har zuwa 30 cikin 100 a ido, in ya bushe ya koma. Baƙar ƙasa ma da aka tono ta a sake take, bayan ban ruwa da takawa sai ta zauna, ta rage wajen kashi ɗaya cikin biyar. Duk lissafin da ka yi, ka ɗora wannan a kai.

Kuma ka tambaya: tipar me? Mai jika 35 wataƙila rairayi yake nufi, mai jika 60 baƙar ƙasa. Na ga ciniki da yawa ya lalace a bakin ƙofa saboda kowa da abin da ke ransa. A faɗi irin ƙasar, a faɗi inda za a ɗebo ta, a faɗi cewa kuɗi sai an sauke.

Lissafin tsakar gidanka

Mita 12 sau 10, murabba'in mita 120. In ka bi abokinka ka rufe ta da baƙar ƙasa mai kaurin santimita 15, wanda shi ne mafi ƙaranci da zai yi wani amfani, kubik 18 ne, da zaman da za ta yi ka ce 22. Kusan manyan tipa biyu, jika 110 a lissafin mai araha. Kuma tipa a waje za ta juye. Baro yana ɗaukar wajen lita 60, ka ga sawu sama da 360 ke nan da za a tura ta ƙofar gida, kowane sawu da kuɗinsa. Bayan duk wannan, wurin da za ku zauna ya zama taɓo.

Ga yadda nake yi. Itace rami yake so, ba shimfiɗa ba. Manomanmu sun daɗe da sanin wannan, shi ne aikin tassa: a tona ɗan rami, a sa taki a cikinsa kaɗai, ruwa da abinci su taru inda saiwa take. Mangwaro ko lemu ko gwaiba, ka tona masa rami santimita 80 ta kowane gefe, zurfi ma 80. Rabin kubik ne. Huɗu, kubik 2. Furannin jikin katanga, mu ce tsawon mita 10, faɗin mita 1, zurfin santimita 30, kubik 3. Fangalin uwargida, mita 3 a kan 2, zurfi 30, bai cika kubik 2 ba. Duka wajen kubik 7. Haɗin da nake amfani da shi kuwa kashi biyu rairayin wurin, kashi ɗaya baƙar ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Wato rabin bakwai ɗin nan ƙasar da ka tono ce za ta koma raminta. Abin saye: baƙar ƙasa kubik 2, taki kubik 2, har da ragowa.

A gauraya su sosai a waje kafin a mayar, kada a jera su hawa-hawa. Zogale ma ba ya son laka da yawa, in ruwa ya kwanta masa saiwarsa ruɓewa take, don haka a fangalinsa ka rage baƙar ƙasa ka ƙara taki.

Wurin tabarma, mu ce mita 5 a kan 6. Nan ne kaɗai za ka sayi rairayi, mai tsabta, kaurin santimita 5, kubik ɗaya da rabi. Ka nemi na ƙorama mai ɗan kauri, ba lallausan da iska ke tarawa ba, domin wannan da hunturu ya busa a ɗaki za ka same shi, cikin tuwo ma. Ba sai ka biya kuɗin wanda aka tankaɗe domin shafe ba. Ka kewaye wurin da jerin bulo ɗaya, in ba haka ba tsintsiya da ruwan sama za su raba ka da shi kafin shekara. Ko da an kewaye, ka sa a ranka za a riƙa ƙara kaɗan lokaci-lokaci.

Hanya daga ƙofar gida zuwa ɗakuna, da inda babur ke tsayawa, jar ƙasa mai marmara ce maganinsu. Tsawon mita 12, faɗin mita ɗaya da rabi, kauri santimita 10, da abin da daɓe zai cinye, kubik biyu da rabi. A jiƙa ta, a daɓe, a sake jiƙawa a daɓe. In ba a daɓe ta ba ƙura ce ja da za ta rina bango da fararen kaya. In hali ya samu daga baya, sai a watsa ƴar tsakuwa a kai ko a jera tubalan siminti, ita ta riga ta zama gindi.

Tara su: 2 da 2 da ɗaya da rabi da biyu da rabi, kubik 8. A kan jika 6 kowane kubik, jika 48. Da yake kaɗan-kaɗan za ka saya, kuma ƙaramin saye ya fi tsada, ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama jika 60. Sai kuɗin lebura biyu na ƴan kwanaki, da kuɗin dashe. Wannan shi ne abin da zan ce ka ware, bisa farashin da kai ka kawo.

Tipa ko amalanke

Kaya iri huɗu, kowanne kubik biyu, ba aikin tipa ba ne. Direba ba zai rage maka rabin kuɗi don ka ce rabin mota kake so ba, man da zai ƙona ɗaya ne. Nan mai amalanken nan da ka raina ya shigo. Amalanken jaki ba ta wuce sulusin kubik na ƙasa ba, domin kubik ɗaya na rairayi ya kai tan ɗaya da rabi, ta shanu tana ɗaukar fiye da haka. Ka ninka kuɗin sawunsa sau uku ka gwada da jika 5 ko 6. Ko ya ɗan fi, sau da yawa shi ne riba, domin amalanke tana shiga lungun da tipa ba ta shiga, in ƙofarka babba ce har bakin rami za ta sauke, kuma kana ganin kayan sawu-sawu. Na farko bai yi maka ba, ka tsayar. Tipa kuwa in ta ɗaga bodi magana ta ƙare.

Ɗaya hanyar ita ce haɗa kai da maƙwabta. Sabuwar unguwa ce, ba za a rasa mai neman jar ƙasa ko rairayi ba. Ku ɗauki babbar mota ɗaya ku raba da baro. Sai dai a kwashe ranar da aka sauke ko washegari. Tsibin rairayi a bakin titi yara za su baje shi, mai gyaran murhu ya ɗebi kwano, mai ɗaurin bulo ya ɗebi baro, ruwa ya ja sauran, sannan ga tare wa mutane hanya.

Akwai kuma ƙasar kyauta. Duk mai tonon masai ko tushen gini a kusa da kai yana neman inda zai kai ƙasar da ta fito. Domin cike gurbi ko ɗaga wuri ta wadatar. Domin shuka kuwa ba ta da amfani, ƙasar can ƙasa ce, ba ta da rai.

Yadda ake gane ta kirki

Duhu ba shaida ba ne. Ana kawo ƙasar tsohuwar bola, baƙa wuluk saboda toka da gawayi, a ce ta fadama ce. Tana da ɗan ƙarfi, ba a musu, manoman bakin gari suna kai ta gona. Amma a gidan da yara ke wasa ba takalmi kuma ake cin ganyen da ya tsiro, ban yarda da ita ba: leda, fasassun kwalabe, tsofaffin batura, wani lokaci har allura. In ka ga ƙyallin leda ko kwalba a cikin kaya, mayar da shi.

Gwaji biyu nake yi, duka ba su cin ko dala. Na farko, ka jiƙa ƙasar a tafin hannu ka dunƙule. In ta ƙi dunƙuluwa, rairayi ne aka shafa wa duhu. In ta dunƙulu har ka murza ta ta yi dogon zare mai sheƙi bai karye ba, yumɓu ne, na masu tukwane da maginan ƙasa, ka rage kasonta a haɗi. Wadda ake so tana dunƙuluwa, in ka danna da yatsa ta farfashe. Na biyu, ka cika sulusin gorar roba da ƙasar, ka ƙara ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa ta biyo cikin sa'o'i biyu, laka sai ta kwana. Da safe za ka gansu hawa uku, ka san abin da aka sayar maka. In kuma ka ga farin ɓawo a kan busasshiyar ƙasar, mai ɗanɗanon kanwa ko gishiri, kada ta shiga gidanka, lemu musamman ba ya jure ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ƙasar fadama shi ne jiji. Ƴan ƙwayoyinsa suna ɓoye a ciki kamar ƙananan aya, ka cire ganyen yau, jibi ya dawo, kuma in ya kama fangali sai an tone shi duka. Haka saiwar kiri-kiri. Kafin a gauraya, a baje ƙasar a rana, a tankaɗe ta da ragar magina, a tsince. Ƙasar tsohon lambun tumatir ko kuɓewa kuma takan zo da ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, gwaiba da gwanda suna shan wuyarsu. Baje ta a ranar bazara na ƴan makonni yana rage su. Ka tambayi mai kawowa daga ina ya ɗebo. Wanda ke zaftare gaɓar gulbi da dare zai ba ka da araha, amma gonar wani ce ruwa zai ci baɗi, kuma in hukuma ta kama motar a ƙofarka kai ma ka shiga magana.

Taki shi ne inda ba na so ka yi ƙwauro. Garin jar akuya muke, kusan kowane gida akwai turke, ga masu kiwon ragunan layya. Kashin awaki da tumaki da ya kwana biyu ya fi kowanne daɗin aiki a cikin gida, na shanu ma yana yi in ya ruɓe. Na kaji yana da zafi, kaɗan ake sawa. Ruɓaɓɓe ba ya wari, ba ya ɗumi in ka tura hannu, yana marmashewa. Ɗanye kuwa yana ƙona saiwa, yana kiran gara, yana zuwa da irin ƙarangiya. In ɗanye ka samu, tara shi a kusurwa, ka haɗa da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa, wata biyu zuwa uku ya nuna. In ka ci karo da gwazarma wajen juyawa, kaji za su gode maka. Ka saye shi da sanyi, domin daga watan Maris manoma ke fara jigilar taki zuwa gona, amalanke ta yi wuya, kuɗinsa ya hau.

Abin da ba a sa shi a lissafi

Ɓaraguzan da ka ambata, a fara da su. Inda magina suka kwaɓa siminti akwai faranti mai tauri a binne, itacen da aka dasa a kansa ba zai yi gaba ba, ganyensa ya riƙa yin rawaya. A fasa shi a kwashe. Kada ka biya a zubar, ka jera su a ƙarƙashin hanyar da za ka daɓe, sun rage maka jar ƙasa.

Sai gangare. Ruwanmu na shekara bai fi milimita 500 zuwa 600 ba, amma a cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, wani lokaci kashi mai yawa a dare ɗaya. Tsakar gida ta karkata zuwa kwata, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Kada ƙasar da ka zuba ta haura dandamalin ɗakuna, kada kuma fangalin furanni ya jingina da katanga kai tsaye. Ka bar tazara ko ka shafe gindin katangar da siminti, in ba haka ba ban ruwan kullum zai jiƙa bulo, fenti ya ɓare, gara ta sami hanya. Mangwaro da bedi a nesanta su da masai da tushen gini, mita huɗu ko biyar in wuri ya yarda. A tsakar gida irin taka babban itace ɗaya ya isa, sauran ukun su zama lemun tsami, gwaiba, rumman.

Ba ka ambaci ciyawar ado ba, amma na san za a ba ka shawararta. Kuɗinta ba a ƙasa yake ba, a famfo yake. A Afrilu da Mayu kowane murabba'in mita yana neman wajen lita 8 a yini. A ce ka shimfiɗe duka 120, kusan lita 1,000 ne kullum, tano biyar. Da albashi, a unguwar da famfo ke ɗaukewa a koma wa ƴan garuwa, ban ba ka goyon baya ba. Ramukan itace kuwa in ka rufe bakinsu da kara ko ɓawon gyaɗa, bokiti ɗaya ko biyu ya ishi ƙaramin dashe, ruwan alwala da na wankin hatsi ma su shiga.

Duk wannan lissafi daga takardarka na yi shi, ban taka wurin ba. In filin naka tsohon ramin ɗibar ƙasa ne da aka cike da shara, ko yana cikin kwari inda ruwan unguwa ke taruwa, ko titi ya fi tsakar gidan tudu, to maganar ciko ta sha gaban ta ado, kuma nan tipa za ta yi aiki, ba ɗaya ba. Cikon da ya wuce rabin mita a jikin katanga nauyi ne da zai iya tura ta, wannan sai ma'aikacin gini ya duba, ba aikin mai lambu ba ne. In kuma ka dasa sau biyu abu yana mutuwa a wuri ɗaya, ɗebi ƙasar ka nemi masu binciken noma na INRAN da ke Tarna ko malaman aikin gona na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su ba ka shawara.

Game da lokaci, ka tara taki da baƙar ƙasa tsakanin Disamba da Fabrairu, hanya ta bushe, amalanke ba ta yi wuya ba. A tona ramuka a cika su da haɗin, a ba su ruwa sau biyu ko uku su zauna, a ƙara inda ya lotsa. Hanya a daɓe ta kafin ruwan farko. Rairayin wurin zama shi ne na ƙarshe, bayan baro ya gama zirga-zirga. Dashe kuma ka jira damina ta kama, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. In ka ɗan makara, wajen bikin dashen itace na 3 ga Agusta masu renon itatuwa suna cika gari da dashe, ka zaɓi mangwaro da lemu masu aure, ka duba ƙasan ledar kada saiwar ta riga ta naɗe.